Kafin a yi shelar gano tama da jan ƙarfe, a nuna mana ramukan da aka huda

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake gaggawar fitar da sanarwa da zarar jirgin bincike ya gama shawagi a kan wani yanki, a ce an gano tarin tama da jan ƙarfe, har a ƙiyasta kuɗin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, alhali ba a huda ko rami guda ba.

Na'urar da jirgin ke ɗauke da ita ƙarfin maganaɗisu take aunawa. Dutsen magnetayit, wanda yake ɗaya daga cikin manyan nau'o'in tama, yana jan ta sosai, amma akwai duwatsun da ba su da wata daraja da su ma kan nuna irin wannan alama. Shi kuwa jan ƙarfe, na'urar ba ta ganinsa kai tsaye. Haka nan koren dutse mai alamar jan ƙarfe da ake tsinta a sarari a kai ɗakin gwaji bai isa hujja ba, domin mai tsinta mafi kyau yake zaɓa, kuma ruwan sama na shekaru aru-aru kan wanke ma'adinin daga wani wuri ya tara shi a wani, ta yadda abin da ke sama zai saɓa da abin da ke ƙasa.

A dubi mahaƙar Olympic Dam a Kudancin Ostareliya, inda tama da jan ƙarfe da zinariya da yuraniyom suke haɗe a wuri guda. Alamun maganaɗisu da na nauyin duwatsu ne suka ja hankalin kamfanin Western Mining, amma ma'adinin yana ƙarƙashin fiye da mita 300 na duwatsun da suka lulluɓe shi. Ramin farko ya taɓa jan ƙarfe a 1975, sai a rami na 10, a 1976, aka samu abin da ya tabbatar da girman wurin, kuma ba a fara fitar da ma'adinin ba sai 1988. Shekara 13 ke nan, a wurin da yake cikin mafiya arziki a duniya.

Ko an tabbatar da ma'adinin ma, da sauran aiki. Tamar da kasuwar duniya ta daɗe tana auna farashi da ita tana da ƙarfe kashi 62 cikin 100, wadda ta gaza haka sosai sai an niƙa an tace, kuma yawan farar wuta ko fosfaras a cikinta yana rage mata daraja. Jan ƙarfen da ke tare da ita galibi a haɗe yake da farar wutar, don haka raba su aiki ne mai cin kuɗi da ruwa da wutar lantarki.

Masu cewa irin wannan shela tana jawo masu zuba jari ba su san masu zuba jarin ba. Tun bayan badaƙalar Bre-X, wani kamfanin haƙar ma'adinai na Kanada, a 1997, lokacin da aka gano cewa an barbaɗa zinariya a cikin samfuran da aka haƙo a Indunusiya, Kanada ta kafa doka a 2001 da ta wajabta sa hannun ƙwararren masani a kan duk bayanin ma'adinin da kamfani zai fitar. Yaudarar jama'a ce a ambaci biliyoyi ba tare da irin wannan rahoto ba, kuma hukumomin da ke ba da lasisi suna da laifi idan suka yi shiru. Ya kamata su hana duk wata sanarwa har sai an bayyana yawan ramukan da aka huda, da zurfinsu, da sakamakon gwajin da wani ɗaki mai zaman kansa ya sake yi.