Ku fitar da rajistar rauta kafin a ɗauke wuta

Sati uku na yi ina sa-in-sa da kamfanin da ke ba mu intanet a gida. Kusan kullum bayan Isha'i sai layi ya yanke, in kira su, mai amsa waya ta ce, "Yallaɓai, a wajenmu komai lafiya lau, ka kashe na'urar ka sake kunnawa." In kashe in kunna, intanet ta dawo, magana ta mutu. Ni ba hujja, su ba hujja. Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne da na gane cewa duk lokacin da na bi wannan shawara, da hannuna nake goge shaidar da nake nema.

Wannan 'yar rautar da ke kan kabad, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana rubuta duk abin da ya same ta a rajistarta: wayar da ta shigo, wadda ta fita, lokacin da layi ya katse, da wanda ya gwada kalmar sirri bai dace ba. Sai dai a ƙwaƙwalwar wucin gadi take ajiye rubutun, wadda ake kira RAM, domin yawan rubutu a kan ma'ajiyarta ta dindindin yana cinye ta. Wurin kuma ɗan kaɗan ne. A rautar kamfanin MikroTik layin rubutu 1000 take riƙewa in ba ka canja ba, sabo ya shigo tsoho ya fita. Da wuta ta ɗauke, shi ke nan, allo ya koma fari fat. A inda wuta ke shekara ba ta ƙifta ba wannan ƙaramar matsala ce. Mu da ake ɗauke mana sau da yawa a yini fa?

Maganin ya girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. Sunansa syslog, Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 saboda manhajarsa ta aika imel mai suna Sendmail. Sai a 2001 aka rubuta bayaninsa a takardar ƙa'idojin intanet ta RFC 3164, aka sabunta shi a 2009 da RFC 5424. Aikinsa ɗaya: duk layin da rauta ta rubuta, nan take ta cilla kwafinsa zuwa wata kwamfutar ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 514.

Ni tsohuwar laftof na ɗauko, wadda madanninta uku suka fita amma batirinta na riƙe awa biyu. Batirin nan shi ne ƙashin bayan aikin, don mai ɗaukar rahoto bai kamata ya faɗi tare da wanda yake rubuta wa ba. Na sa mata Linux da rsyslog, manhajar da ke karɓar saƙonnin syslog, na buɗe mata karɓar saƙo ta UDP, hanyar da rauta ke turo su, na ba ta adireshin IP wanda ba ya canjawa, na haɗa ta da rautar da kebul maimakon iska. A rautar da ke aiki da manhajar OpenWrt kuwa gurbi ɗaya ne za ka cike da adireshin laftof ɗin. Ko sallar Magariba ba a kira ba na gama. Abu guda da zan ja kunne a kai: yawancin rautoci ba su da batirin agogo, in suka farfaɗo da lokacin banza suke tashi har sai sun samo na gaskiya daga intanet. Saboda haka ka sa laftof ta riƙa buga nata lokacin a kan kowane layi.

Bayan kwana biyar na zauna na karanta. Yankewar ashe iri biyu ce. A wasu, rubutun ya nuna ƙarara cewa daga can ɓangarensu aka rufe layin, rautata na nan da ranta tana ta sake nema. A wasu kuwa rubutun tsit yake yi na kusan minti biyu, sai ga saƙonnin tashi daga farko. Na duba lokutan, na tuna cewa daidai nan ne ake kunna famfon tura ruwa zuwa tanki. Adaftar rautar ce ta gaji, wuta na ɗan yin ƙasa sai ta saki. Rabin laifin a ɗakina yake kwana, ina ta ɗora wa mutane. Na canja adafta, sauran kuma na tura wa kamfanin da rana da awa da minti. Wannan karon injiniya suka turo.

Ba kowace rauta ce ke da wannan dama ba, musamman ƙananan na 4G da ake sayarwa da layinsu. A ganina wannan tauye haƙƙin mai saye ne, kuma yanzu kafin in sayi wata sai na tambaya.

Amma in ka fara tara rajistar, ka sani amana ka ɗauka. A ciki za ka ga ƙarfe nawa wayar ƙaninka ta shigo gida, da lokacin da ta matarka ta bar shi. Ba don leƙen asirin iyali aka yi ta ba. Saƙon UDP kuma a buɗe yake tafiya, ba lulluɓi, don haka kada ka buɗe ƙofa ta 514 ga duniya, ta tsaya a cikin gida. Ni na faɗa wa mutanen gidan abin da laftof ɗin ke tarawa, na kuma sa wata manhaja mai suna logrotate ta riƙa share duk abin da ya wuce wata ɗaya.