Masu walda, ido dai ba a saida shi kasuwa

Jiya da la'asar na biyo ta unguwar Mabera nan Sakkwato na ga wani yaro da bai wuce shekara 16 ba shina walda ƙofar ƙarfe, ba gilashin walda ba komai, in wuta ta tashi sai ya rintse ido ya kauda kai, ya buɗe ya duba ya sake rintsewa. Gilashin kuwa ga shi can rataye ga ƙusa bayanshi. Na ce ƙanena sa abin ga mana, sai ya yi dariya wai zafi gare shi. Maigidan shagon yana zaune yana latsa waya ko ɗaga kai bai yi ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Samari ku ji tsoron Allah ku tausaya ma idanunku. Hasken nan na walda ƙona saman ƙwayar ido yake yi, kuma mugun abu ne don ba nan take kake ji ba, sai bayan awa 6 zuwa 12, ka gama aiki ka ci tuwo ka kwanta, tsakar dare ka tashi kamar an zuba ma yashi cikin ido, hawaye na zuba ba ka iya kallon ko fitila. Daga nan sai a fara ɗiga madara ko ruwan sikari, alhali ga sashen ido nan asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo. Gari ya waye kuma ka koma ka yi irin ta jiya. Haba! Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Wasu kuma su sayi baƙin tabarau na gayu bakin titi su ce sun yi kariya. Araha ba ta ado. Gilashin walda lamba gare shi, na waldar lantarki ana son 10 zuwa 13, kuma fuska duka yake rufewa don hasken har fata yake ƙonawa, ga tartsatsi. Wanda ke riƙe ma ƙarfe ma hasken bai ƙyale shi ba, har yaran unguwa da kan taru su zura ido suna kallo, ba mai korarsu. In kun ce gilashin kirki tsada gare shi, ai kuɗin data da na caca a waya ba su taɓa gagarar ku ba, balle masu shan ƙwaya wai don su ji ƙarfin aiki, wannan ma maganar wata rana ce.

Yanzu kuma an samu injin yanka da diril masu batir, kowa na murna ba ruwanshi da NEPA. To shi ma da ido tsirara kuke kama shi, ku cire murfin da ke kare faifan yanka wai yana tare ku, ranar da faifan ya tarwatse fuska zai nufa. Mutum ya canza faifai batir na jiki, yatsa na taɓa makunni shi ke nan. Ga batir a yashe kan ƙarfe cikin ranar Sakkwato da kan wuce digiri 40 lokacin bazara, ko a jona shi ga cajar da ba tashi ba a kwana, ya kumbura a ci gaba da aiki da shi har ya kama da wuta. In ka yi magana a ce tsautsayi ba ya wuce ranarshi. Wane tsautsayi, gilashi na rataye kana kallonshi?

Da can ba haka munka taso munka gani ba. Yaro sai ya daɗe yana share shago yana miƙa kaya kafin a bari ya taɓa waya, kuma in maigida ya kama ka ba gilashi ranar sai ka sha faɗa har gida wajen babanka. Yanzu yaro ya yi wata 3 ya ce ya iya, ya ja janareto ya buɗe nashi bakin hanya, shi ma ya ɗauki yara, su ma su koyi rintse ido. Iyaye kuwa in dai ana kawo na cefane ba mai tambayar me ya sa idon ɗansu kullum ja wur.