Barnaba da ƙafarsa ya je Tarsus

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman malamai masu kula da zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS (Fellowship of Christian Students) a makarantu, da mu da muka tashi a cikinta.

Lokacin miƙa ragamar shugabancin zumunta ya matso. 'Yan aji shida hankalinsu ya koma kan WAEC da NECO, mu kuma mun fara abin da muka saba: a miƙe bayan sujada a ce, "Duk mai son yi wa Ubangiji hidima ya ɗaga hannu." Masu baki su ɗaga, mai kunya ya sunkuyar da kai. Yarinyar nan da kullum take riga kowa zuwa ta share aji ta jera benci, ba za ta taɓa ɗaga hannu ba, alhali ita ce mai amanar.

Ku duba Ayyukan Manzanni 11:25-26. Da aiki ya yi yawa a Antakiya, Barnaba tashi ya yi da ƙafarsa har Tarsus neman Shawulu, mutumin da a dā almajirai a Urushalima suke tsoronsa. Da ya samo shi bai danƙa masa aiki ya juya ba. Shekara guda cur suka yi tare suna koyar da jama'a.

A nan ne muke faɗuwa, har da ni. Na taɓa naɗa wani yaro shugaban nazarin Littafi Mai Tsarki, na ɗora masa hannu na yi addu'a, na ba shi littafin jagora, sai na ɓace. Bayan zango ɗaya ya ajiye aikin. Da na same shi sai ya ce, "Malam, sun yi mini tambayoyin da ban san amsarsu ba, na kuma ji kunyar zuwa wurinka." Har yau maganar tana sukar zuciyata. Yaron bai gaza ba, ni ne na sake shi a tsakiyar kogi.

Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun domin su zauna tare da shi, kafin a zo maganar aikensu wa'azi. Ko da ya aike su, biyu-biyu ya tura su, suka dawo suka ba shi labarin duk abin da suka yi. To, kai ma zauna a bayan aji ranar da sabon shugaba zai fara koyarwa. Idan ya yi kuskure, kada ka gyara shi a gaban 'yan'uwansa. Bilkisu da Akila gefe suka ja Afolos a Afisa, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ka tambayi sabon shugaban yadda karatunsa yake kuma, domin shugaban zumunta da ya faɗi jarrabawa, iyayensa ba za su sake barin ƙannensa su zo ba.

Tun 1957 da FCS ta soma a Gindiri, haka take tafiya daga hannu zuwa hannu, yadda Bulus ya umarci Timoti a 2 Timoti 2:2. Wani ne ya kira ka da sunanka, har ka kai inda kake.

A makon nan, rubuta sunan ɗalibi ɗaya, ka yi addu'a a kansa, sannan ka same shi shi kaɗai ka ce, "Na ga abin da Allah ya sa a cikinka. Za ka yarda mu yi aikin nan tare?" Idan ya ce zai yi tunani, ba shi lokaci, ka sake komawa.