Ɗan koyon aiki ba ɗan aike ba ne, ba kuma wanda ake tuhuma ba

Duk lokacin da aka sallami ɗalibai su fita SIWES, wato shirin koyon aiki na ɗaliban manyan makarantu, za ka gan su da ambulan a hannu, daga Kadpoly, KASU, ABU Zariya da Nuhu Bamalli, suna bin ofisoshin ƙungiyoyi a Unguwar Rimi, Malali da Barnawa a garin Kaduna. Ƙungiyoyin al'umma da yawa suna karɓarsu, madalla. To amma me yaron yake yi a wata huɗu zuwa shidan nan? Sayo kati, jera kujeru ranar taro, ranar Juma'a a buga masa hatimi a logbuk, littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi. Hukumar ITF, mai kula da horas da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro SIWES a 1973 ne don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama makaranta, ba don ofis ya samu ɗan aike kyauta ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin gyaransa ba ya bukatar tallafin waje. Tsari kawai yake so.

Kafin a karɓi kowa, a rubuta aikin a shafi ɗaya: abin da zai yi, wanda zai duba shi, da abin da zai miƙa a ƙarshe. Idan ƙungiyar tana aikin ilimin 'ya'ya mata a Rigasa, sai a ce a wata na farko zai bi ma'aikacin fili ya ga yadda ake gaida mai unguwa da yadda ake cika fom ɗin ƙidaya, a wata na biyu da na uku zai shigar da bayanai a kwamfuta, daga na huɗu zai rubuta rahoton wata da kansa, a na shida ya jagoranci zama guda da iyaye. Idan an kasa rubuta wannan shafin, to babu gurbi, a faɗa wa ɗalibin gaskiya ya nemi wani wuri da wuri.

Mai dubawa ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum uku, kuma kada ya zama shugaban ƙungiya, domin shugaba kullum yana Abuja ko yana taro. Minti 30 a kowane mako, rana tsayayya, a zauna da aikin yaron a gaba, a nuna masa layin da ya kuskure da dalili. Inda tsarin yake mutuwa ke nan: makon farko a zauna, na biyu a ɗage, na uku a manta.

Sai kuɗin mota. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, ba kowace ƙaramar ƙungiya ce za ta iya biyan haka ba, na sani. Amma a lissafa kuɗin keke da bas na zuwa da dawowa daga unguwar da ta fi nisa, a ninka da ranakun aiki 22, a ɗora na abincin rana, a sa shi cikin kasafi tun ranar da ake rubuta takardar neman tallafi. Ƙungiyar da ta ce "babu alawus" ta riga ta zaɓi 'ya'yan masu hali tun kafin ta buɗe fom. Yarinyar da ke Hayin Rigasa ko yaron da ke Mararrabar Rido ba lalaci ne zai sa su daina zuwa a mako na uku ba.

Ɗaukar ma a fito da ita fili. A kafa sanarwa a allon makaranta, a kai wa ƙungiyoyin masu bukata ta musamman, a kai masallaci da coci, ba a zauren WhatsApp na ma'aikata kaɗai ba, inda ƙanin wane da 'yar wance za su cinye gurbin. Mutum uku su yi tantancewa, da mace a ciki, tambayoyi biyar iri ɗaya ga kowa, kowa ya rubuta makinsa kafin a tattauna. A ƙara da gwajin minti 20: ga bayanan taro, taƙaita su a sakin layi biyu. Kuma tunda rikicin addini na shekarar 2000 ya raba garin nan, arewa da kudancin kogi, ƙungiyar da duk 'yan koyon aikinta daga tsallake ɗaya suke ta tambayi kanta dalili. Haka batun nakasa: dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, amma in ofis yana hawa na biyu babu hanyar keken guragu, ai an kore su ba tare da an buɗe baki ba. A sauko da tebur ɗaya ƙasa.

Yanzu ga maganar da ake kauce wa. A ofisoshinmu akan samu saurayi mai laushin murya ko tafiya, nan take a ce ɗan daudu ne, ko budurwa mai shigar maza a fara raɗe-raɗin maɗigo. Wani lokaci ƙarya ce tsagwaronta, wani lokaci mutumin yana da sirrinsa. Ko wanne ne, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: a daina cin abinci da shi, a hana shi fita fili, wani ya ɗauki wayarsa yana bincike, wani ya fara karɓar kuɗi a hannunsa da barazanar zai gaya wa iyayensa. Kafin wata uku yaro ya ɓace, a rubuta a fayil cewa ba shi da himma.

Dokar ƙasa a bayyane take, kuma duk mai tafiyar da ƙungiya ya kamata ya san ta. Dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren, da shekara 10 ga yi wa ƙungiyar masu neman jinsi rajista ko tafiyar da ita ko tallafa mata. Saboda haka takardar manufa da mai ba da tallafi ya aiko daga Amurka ko Ingila, wadda ke son a ƙirga mutum nawa ne irin wannan a cikin ma'aikata, ba abin da za a kwafa a Kaduna ba ne. Jerin sunaye irin wannan in ya fita, rayuwar mutum ce a kan siraɗi. Kada a tara shi ko kaɗan, a gaya wa mai tallafin dalili a rubuce.

Amma babu inda dokar nan ta ɗora wa shugaban ƙungiya aikin binciken rayuwar ɗalibi, babu inda ta halatta cin mutunci ko ƙwacen kuɗi. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum 'yancin a kare mutuncinsa, na 37 ya kare sirrinsa har da na wayarsa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa da rayuwarsa ta kwanciya cikin bayanan da ba a taɓawa haka kawai. Addininmu ma da ake fakewa da shi ya riga doka: aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato, bin diddigin asirin mutane da gulma, duka a wuri ɗaya. Wanda ya jefi yaro da luwaɗi saboda muryarsa ya san nauyin ƙazafi kuwa? Ra'ayina shi ne, matashin da ya zo koyon aiki a auna shi da aikinsa da ɗabi'arsa a ofis, sauran ba hurumin ƙungiya ba ne.

A aikace ga yadda ake yi. Fom ya tsaya a suna, lambar waya, makaranta, kwas, unguwa saboda lissafin kuɗin mota, wanda za a kira in wani abu ya faru, da tambayar ko akwai wani sauƙi da yake bukata don yin aiki. A cire gurbin addini, aure da ƙabila. A ajiye fayil a durowa mai makulli, mutum biyu kaɗai ke da mabuɗi. A rubuta ƙa'idar zama ta shafi ɗaya da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu har shugaba: ba laƙabi, ba taɓa wayar wani, ba tambayar "yaushe za ka yi aure" a matsayin tsokana, ba neman 'yar koyon aiki da soyayya. Ƙa'idar ba ta bukatar ambaton wani rukuni, ta rufe kowa. Ƙungiyoyin lafiya su fi kowa kiyayewa, domin wata dokar ta 2014, mai kare masu cutar HIV daga wariya, ta hana a tilasta gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, kuma ofishin da ya tona asirin ɗan koyon aikinsa, wane mara lafiya ne zai yarda ya zo karɓar magani a wurinsa?

Hanyar kai ƙara ta zama biyu, domin sau da yawa mai dubawar ne mai laifin. Ɗaya a cikin ofis, ɗaya a kwamitin amintattu, da lambar da ake samu. A amsa cikin kwana bakwai, a saurari kowa shi kaɗai, kada a tara ma'aikata a yi zaman titsiye. Wanda aka samu da yaɗa jita-jita shi ake ja wa kunne a rubuce, ba wanda aka yaɗa a kansa ake canja wa tebur ba.

Mako biyu kafin ɗan koyon aikin ya tafi, a zauna da shi a gyara CV ɗinsa, a tambaye shi abin da bai ji daɗinsa ba, wani wanda ba mai dubawarsa ba ya rubuta. Takardar shaidar da za a ba shi kada ta tsaya a "ya kasance mai ladabi". A rubuta cewa ya shigar da fom kaza, ya rubuta rahoto kaza, ya iya Excel, ya jagoranci zama da iyaye a unguwa kaza, a sa sunan mai dubawa da lambar ofis da za a ɗauka in mai ɗaukar aiki ya kira.