Ranar da aka yi wa Filatus ruƙiyya a gidana

Masu kira na kuna tambayar ya jiki, na gode, amma lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ban yi ba. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Kun san tun haihuwar auta bayana bai koma daidai ba. Ƙanwata da ke jami'ar Ɗanfodiyo ta turo mini bidiyon wani motsa jiki wai shi Pilates, ba tsalle ba guje-guje, yawancinsa a kwance ake yi, yana ƙarfafa naman ciki da na baya. Ina jin "a kwance" na ce wannan nawa ne. Abin buƙata kaɗan ne: wurin da za ki miƙe hannu da ƙafa ba ki taɓa bango ba, da shimfiɗar roba mai kauri don kada ƙashin baya ya gurzu da tayil. Falo ba zai yiwu ba saboda yara. Tsakar gida kuwa, a Afrilun Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, sai wanda ya gaji da duniya. Sai na tuna da ɗakin ajiya.

Na kwashe kayan Hajiya da ke ciki, kwalla da fantekoki da tsohon keken ɗinki, na jera su a baranda. Gadon ƙarfenta ne ya gagare ni, na jingine shi da bango. Har na ɗan yi masa kallon sha'awa, don ƙanwata ta ce mai abin, Joseph Pilates, Bajamushe haifaffen 1883, Ingila ta tsare shi lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma an ce da sifirin ɗin gado ya fara haɗa na'urarsa. Na sayo shimfiɗa a babbar kasuwa, na ajiye fanka mai caji, na ɗora waya a kan buhun gero ta jingina da bango. Na sa tsohon wandon ƙwallon maigida. Wuri ya yi kyau, wallahi ya yi kyau.

Darasin farko sunansa ɗari. Za ki kwanta rigingine, ki ɗaga ƙafafu sama, ki ɗago kai da kafaɗu, ki miƙe hannaye a gefe kina kaɗa su sama da ƙasa da sauri. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga biyar, ki fitar ta baki kina ƙirga biyar, har a kai ɗari. Na toshe kunnuwa da abin sauraro, na rufe ido don in tattara hankali. Kafin a kai arba'in cikina ya fara rawa, ƙafafu na karkarwa, gumi na zuba, haƙora a datse, ina fitar da iska fuu, fuu, fuu. Idan kun taɓa ganin kyankyaso ya kife, to haka.

Ashe an kai wa Hajiya labari cewa kwallarta na baranda rana na dukan ta. Ta taso daga Mabera da Gwaggo, suka yi sallama har suka gaji. Ni ban san an shigo ba sai da na ji an danne mini ƙafa. Na buɗe ido na ga fuskoki uku a kaina, ta ukun Maman 'Yan Biyu ce, wadda ba wanda ya gayyace ta.

Hajiya ta ce, "Innalillahi! Ɗiyata mi ya same ki?"

Na buɗe baki, amma wanda ya yi ɗari bai da numfashin bayani. Fuu kawai ta fito. Na yunƙura in tashi, jijiyar cinyata ta ɗaure, na koma na kwanta da ƙara. Shi ke nan, magana ta ƙare. Maman 'Yan Biyu ta dafe ƙirji ta ce, "Iska ce Hajiya, ku riƙe ta! Ni tun watan jiya nika lura da ita." Gwaggo ta zauna mini a kan gwiwoyi, kuma kun san Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce. Hajiya ta kama kaina tana tofa Ayatul Kursiyyu a kunnen da har yanzu abin sauraro ke ciki, wata Baturiya na ta ƙirga mini ta ɗaya kunnen cikin fara'a. Aka ɗebo ruwan randa kofi guda aka sheƙa mini a fuska. Wannan kam na ji daɗinsa, ba zan yi ƙarya ba.

Sai Gwaggo ta sunkuyo, ta zare ido, ta ce, "Kai! Mi as sunanka? Hwaɗi!"

Na tattara ɗan numfashin da ya rage na ce, "Gwaggo, Pilates ne."

Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo ta juya ta dubi Hajiya ta ce, "Kin ji ko? Filatus. Ya hwaɗi sunanai." Hajiya ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin mai wanga suna ba. Gwaggo ta ce ai ba na nan ba ne, baƙo ne, shi ya sa ya sa mini wandon maza. Garin kokawa abin kunnen ya faɗo ya mutu, waya ta ci gaba da magana daga kan buhun gero, Turanci tsantsa, har da dariya. Maman 'Yan Biyu ta yi baya ta buge gadon ƙarfe, gado ya zame ya kife a kan fankata. Gwaggo ta ce, "Fita! Filatus fita, ba gidanku ba ne!" Har aka fara neman garwashi da habbatus sauda.

Ni Hajiya da Gwaggo ban riƙe su ba, tsoro ne da ƙauna. Amma Maman 'Yan Biyu, mene ne kika lura da shi tun watan jiya? Matar da ta ari babbar kulata ranar sunan 'yarta, har yarinyar ta fara tafiya kula ba ta dawo ba. Kullum na aika sai a ce tana wanka. Na ga kular da idona a walimar gidan Alhaji na kwana, cike da zoɓo, an ɗaure murfin da kyallen atamfa saboda an karya marikin, ta gan ni ta kau da kai. Ita ce ta ce wainata ta yi tsami a gaban mutane, bayan ta ci biyar ta ƙulle wasu a leda. Kuma ita ce, kafin la'asar, ta kai labarin har islamiyyarmu, da ƙari: wai na yi magana da muryar namiji, wai na ɗaga gadon ƙarfe da hannu ɗaya. Gadon da ke kika kayar, baiwar Allah. Malama ta turo mini addu'o'in safiya da maraice, da saƙon cewa in daina shiga bayi ba addu'a.

Maigida da ya dawo aka ba shi labari, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tambaya ko wandonsa ya yage. Hajiya dai ta fahimta daga baya da ƙanwata ta nuna mata bidiyon, ta ce to me ya sa ba a yi a tsaye irin na sojoji. Kayanta sun koma ɗaki a ranar, ni na jera su da kaina tana nuna mini inda kowanne yake. Gwaggo ba ta gamsu ba, ta aiko da rubutu a gora.

Shimfiɗar tana nan a naɗe bayan ƙofa, auta na kwana a kai in an ɗauke wuta. Fanka na wurin mai gyara. Duk wadda za ta bi ta gidan Maman 'Yan Biyu, don Allah ta karɓo mini kulata, ko ba marikin.