Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ba Ta Isa Aikin Kula da Matasa Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk mai haƙuri da fara'a zai iya aikin kula da matasa, wataƙila saboda aikin ya faro ne a hannun 'yan sa-kai, irin waɗanda suka kafa ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a Landan a shekarar 1844. Ina girmama wannan tarihi, amma a ganina aikin ya fi ƙarfin niyya ita kaɗai.

Amfanin horo yana bayyana ne ranar da matashi ya zo da magana mai nauyi, kamar shaye-shaye ko cin zarafin da ake yi masa a gida. Ma'aikacin da bai samu horo ba yakan yi gaggawar yin nasiha tun yaron bai kai ƙarshen zancensa ba, ko kuma, saboda tausayi, ya yi masa alkawarin cewa babu wanda zai ji, alhali akwai maganar da ɓoye ta yana iya jawo asarar rai. Wanda aka horar kuwa yakan fara da sauraro, ya bayyana wa matashin iyakar sirrin da zai iya riƙewa, sannan ya gane lokacin da ya wajaba ya miƙa lamarin ga likita ko jami'in jin daɗin jama'a. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin mai son taimako ba ya son ya ce abu ya fi ƙarfinsa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da fahimtar haka. A Ingila, rahoton Albemarle na 1960, wanda wani kwamitin gwamnati ya rubuta kan aikin kula da matasa, ya kai ga buɗe kwalejin horar da jagororin matasa a birnin Lesta, kuma daga 2010 sai mai digiri ake ba matsayin ƙwararren ma'aikaci. Malta ma ta yi wa wannan aiki doka ta musamman a 2014.

Sai dai takardar shaida ba ta sauya halin kowa. Horon da yake tasiri shi ne wanda ɗalibi zai shafe watanni yana aiki cikin matasa a ƙarƙashin gogaggen ma'aikaci, wanda zai riƙa zama da shi yana tambayarsa dalilin kowane mataki da ya ɗauka. Ina kuma jin tsoron kada sharaɗin digiri ya kori 'yan sa-kai da suka yi shekaru matasa suna amincewa da su. Kamata ya yi a shirya musu gajerun kwasa-kwasai a lokutan da ba za su hana su neman abinci ba, a kuma lissafa shekarun da suka yi suna aikin idan suka nemi ƙarin karatu.