Ba manhajar ce ta ƙi ba, Oga ne ya ƙi

To, an ce wai ERP ɗin wani kamfani, wato manhajar da ke haɗa duk lissafinsa wuri guda, "ta ƙi aiki", za a koma littafi da Excel. Madalla. Jiya-jiyan nan aka yi walima, aka ɗau hoto da waɗanda suka kawo ta, aka ce zamani ya zo. Yau ita ce mai laifi.

Oga ne ya ƙi, ku faɗi gaskiya.

Aikin ERP shi ne sito da sashen sayarwa da akanta da masu biyan albashi su riƙa duba rumbun bayanai guda. Buhun sukari ya fita, akanta ya gani nan take. Sai Oga ya ɗaga waya ya ce wa mai sito, "Ba Alhaji buhu hamsin, a shigar daga baya." Ba a kuma shigarwa har abada. Ƙarshen wata kwamfuta ta ce buhu ɗari uku ne, ido ya ƙirga ɗari biyu da hamsin, sai a ce manhajar ce ke ƙarya. Wa ya yi ƙaryar?

Na san wani zai ce ai don Turawa aka yi ta, ba ta san kasuwancin bashi da amana ba. Haba malam! Lidl kamfanin manyan kantuna ne na Jamus. Kusan shekara bakwai yana lanƙwasa manhajar ERP ta kamfanin SAP don ta bi tsohuwar hanyarsa ta lissafa kaya da farashin saye, a 2018 ya watsar da aikin bayan kusan Yuro miliyan 500 sun bi ruwa. Su ma shugabanni ne suka ƙi sauya hali. Bashi kuwa yana da gurbinsa a cikin manhajar. Wanda ba ya shiga shi ne bashin da ba a so a gani.

Wallahi mai sito nake tausayi. Horon kwana biyu aka yi masa a otal, rabinsa cin abinci, ba a ko ƙirga kayan sito ba kafin a zuba tsoffin alƙaluma cikin sabon tsari. In ya bi ƙa'ida ya saɓa wa Oga, in ya bi Oga gobe shi za a kira ɓarawo.

Af, kuma don Allah wanda ya rubuta lambar sirrin akanta a takarda ya manna jikin kwamfuta, ya je ya cire. Har masinja ya haddace ta.